Fasasshen Tulun Sarki Bagure

A shekara ta tara da hawan Sarki Mayana ɗan Arzika gadon sarautar Gwaltsa, damina ta zo da abubuwa biyu da suka hana mutanen tsauni sukuni. Na farko, bayan ruwan kwana uku ba ƙaƙƙautawa, wani ɓangaren dutse ya zame a bayan fada, ya buɗe bakin wani kogo da ba wanda ya taɓa sanin da shi. Tsofaffi suka yi ta zuwa suna leƙe daga nesa, kowa da irin fassararsa, wasu na cewa alheri ne, wasu na cewa ƙasa ce ta buɗe baki tana neman abin ci, amma ba a sami mai ƙarfin halin shiga ba. Na biyu, tun laka ba ta bushe a hanya ba, jakadan Sarkin Dambarna ya hauro da rakiyar mutum sittin, ya nemi iso.

Gwaltsa ƙaramar ƙasa ce a kan duwatsu, mutanenta kashi uku: maharba a can tudu, maƙera a gindin dutse, masunta a bakin kogi. Sarki ɗaya suke bi, kasuwa ɗaya suke ci, amma ko a kasuwar kowane kashi da inuwarsa. Maharbi ba ya ba masunci 'yarsa, maƙeri kuwa gani yake su biyun duka ƙauyawa ne. Abu ɗaya ke tara su a fili guda, shi ne Kiran Tuluna. Duk sarkin da aka naɗa, sai a gina masa sabon tulu, a cika shi da ruwa, a ajiye a dandalin bayan fada. Ranar da ya rasu a zubar da ruwan, a kife tulun a jerin na magabata. Sau ɗaya a shekara Sankira, shugaban maroƙan fada, yakan bi jerin da sandarsa, ya taɓa kowane tulu, ya kira sunan mai shi da abin da ya aikata, jama'a su amsa, "Mun ji." Abin da aka kira a kan tulu aka amsa ya zama doka, ko sarki ba ya tsallake shi. A wancan lokaci tuluna goma sha ɗaya ne a kife, na Mayana, na goma sha biyu, yana tsaye da ruwansa.

Sankiran zamanin sunansa Anaruwa. Nono ɗaya suka sha da Sarki, don mahaifiyar Mayana ta rasu wurin haihuwa, aka miƙa jaririn ga uwar Anaruwa. A gaban jama'a yakan faɗi ya yi gaisuwa kamar kowa, amma duk Gwaltsa an san babu wanda yake so a duniya kamar Sarki. Mutum ne mai murya da kai, aibinsa ɗaya ne: in ya ga jama'a sun saki baki suna saurarensa, ba ya iya tsayawa inda ya kamata ya tsaya, sai ya ƙara gishiri.

Jakadan Dambarna, wani dogo mai suna Kailu, ya shigo fada yana tafiya kamar gidan ubansa ne. Ya tsaya a tsaye, ya ce, "Saƙo daga Sarkin Dambarna, mai ƙofa goma sha biyu, na talatin a jerin gidansa. Yana gaida mai tsaron tsauninsa. Yana kuma tuna masa abin da maroƙanmu ke riƙe da shi: sarkinmu na goma sha takwas ne ya turo baransa ya tsare masa waɗannan duwatsu, baran nan kuwa shi ne tulunku na farko. Mu talatin, ku goma sha biyu. Wanda ya iya ƙirga ya san wanda ya riga wani zama. Saboda haka Sarkin Gwaltsa ya sauko, ya durƙusa, ya zuba ƙasa a kansa a gaban ubangidansa, kamar yadda bara ke yi. Zan koma, in dawo ranar Kiran Tulunanku in karɓi amsa."

Washegari Sarki ya sallami fadawa, ya rage mutum uku: Madawaki Barmo, shugaban mayaƙa, da Galadima Tunau, wanda ya fi kowa shekaru a majalisa, da Sankira Anaruwa.

Madawaki ko zama bai gama yi ba ya fara. "Allah ya ja zamanin Sarki, me za a tattauna? A ba ni izini in tara maza. Dawakinsu ba sa hawa dutse, kibanmu kuwa suna sauka."

Galadima ya bar shi ya huce, sannan ya gyara zama. "Zaki, Madawaki yana maganar kibiya, ni ina maganar hannun da zai ja bakan. Tun jiya saƙon nan ya shiga kasuwa. Da kunnena na ji masunta suna cewa, in dai asalinmu barori ne, wace riba ce mutum ya mutu don zaɓen ubangida? Maharba sun ce ba za su tsaya sahu ɗaya da masu ƙarnin kifi ba. Dambarna ba da doki ta fara yaƙarmu ba, da ƙidaya ta fara. Da ƙidaya za mu fara ramawa." Ya dubi wajen bayan fada. "Allah ya buɗe mana kogo, ba wanda ya san abin da ke ciki. Da a ce an sami tuluna ashirin da tara a kife a can, da mun zama arba'in, Sarki na arba'in da ɗaya. Bara ba zai girmi ubangidansa da sarakuna goma sha ɗaya."

Sarki ya daɗe yana kallonsa. "Galadima, ƙarya kake so mu yi wa matattu?"

"Matattun da muka sani ba za mu taɓa su ba, ranka ya daɗe. Kafin tulu na farko akwai mutane a tsaunin nan. Kufansu na nan, muna tuntuɓe da duwatsun niƙansu in muna noma. Wani ne ya mulke su. Sunayensu ne suka ɓace, mu kuwa za mu ba su wasu."

Anaruwa ya ɗago kai. Ya ce, "A gafarce ni. Mahaifina sunaye goma sha ɗaya ya ba ni, ya rantsar da ni kada in ƙara, kada in rage."

"Na sani, Sankira," in ji Galadima, ko kallonsa bai yi ba. "Ba ma kai nake nufi ba. Riƙe abin da aka ba mutum daban, ƙera sarakuna ashirin da tara, kowa da halinsa da kirarinsa, har jama'a su yi kuka saboda su, wannan sai gwani. Zan aika ƙasashen gabas a samo mana maroƙi."

Tsohon ya san inda ya taɓa. Kafin ya rufe baki Anaruwa ya miƙe yana rantsuwa cewa muddin yana numfashi ba wani baƙon maroƙi da zai taɓa tulun Gwaltsa da sanda. Sarki bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya tashi ya shiga gida, kuma a fada kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Galadima ya aika wani ƙauye mai nisa aka gina tuluna, aka turara su da hayaƙi, aka binne su kwanaki cikin laka da kashin shanu don su tsufa, aka shigo da su cikin kwandunan dawa. Anaruwa kuwa ya rasa zama wuri ɗaya. Yakan fita tun da safe ya yi ta kewaya ganuwa yana magana shi kaɗai, abinci ya huce a gida yana can. Ya ba maharba sarakuna tara, ya ba maƙera goma, ya ba masunta goma, ya aurar da 'yar wannan ga ɗan wancan har ya zama babu kashin da zai ce ba jininsa a gidan sarauta. Ya yi wanda ya kashe zaki da wuƙa, ya yi wanda ya raba hatsinsa a shekarar fari, ya yi wawa guda biyu don kada abin ya yi daɗi da yawa. Kafin wata ya ƙare ya fara son su. Wata rana matarsa ta same shi yana hawaye, ta tambaya, ya ce Sarki na tara ne ya rasu da ƙuruciya.

Saura kwana biyu a yi Kiran Tuluna, ɗaya daga cikin masu ɗaukar tulunan ya zame a bakin kogo, tulu guda ya dare gida uku. Ba lokacin gina wani. Galadima ya ce a haɗa shi a hankali, a tokare da tsakuwa, a sa shi tsakiyar jeri inda ido ba zai tsaya ba. Nan ya faɗa a na goma sha bakwai, wanda Anaruwa ya raɗa wa suna Bagure, ya kuma shirya masa labarin haƙa rijiyoyi.

Ranar Kiran Tuluna dandali ya cika har kan duwatsu, don an yi shela cewa mutanen Galadima sun shiga kogo sun fito da abin mamaki. Maharba gefe guda, maƙera gefe guda, masunta can baya, jakada Kailu da mutanensa a gaba. Anaruwa ya ɗaga sanda ya fara. A tulu na farko amsar ta fito a raunane, mutane na kallon juna. A na huɗu masunta suka ji sunan nasu, suka matso. A na tara mata suka fara share hawaye. Kafin a kai na goma sha biyar, "Mun ji" ta zama murya ɗaya, ba a bambance ta tudu da ta bakin kogi.

Kailu ya ga abin yana neman ƙwace masa. Ya tako cikin jeri ba tare da izini ba, idonsa ya faɗa kan tsagin, ya sa yatsan ƙafa ya ɗan zunguri na goma sha bakwai. Tulun ya watse. Ya juyo yana murmushi. "Wannan sarkin naku fa? Ko a kife ma Gwaltsa ba ta iya riƙe sarkinta?"

Mutanensa suka kwashe da dariya. Anaruwa ya dubi ɓaraguzan. Labarin rijiyoyi ba zai yi aiki a nan ba, kuma dubban idanu suna kansa. Sai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Ka taɓa abin da ya fi ƙarfin ƙafarka, baƙo. Wannan Bagure ne, na goma sha bakwai, kuma ba yau tulunsa ya fashe ba. A zamaninsa wani sarki daga kwari ya aiko da saƙo irin naka. Bagure ya ji tsoro, ya sauka, ya durƙusa, ya zuba ƙasa a kansa. Da ya dawo, maharba da maƙera da masunta suka taru a filin nan, aka fasa tulunsa yana raye yana kallo, ruwan ya bi ƙasa, aka fitar da shi ta ƙofar arewa da rigar jikinsa. Dokar iyayenmu ke nan: sarkin da ya zuba ƙasa a kansa don wani, ya bar sarautar Gwaltsa."

Nan ya kamata ya tsaya. Amma ya ga bakuna a sake, ya ga Madawaki yana rawar jiki, ya ga jakada ya daina murmushi, sai halin nan nasa ya motsa. Ya ɗaga sanda sama. "Kuma Sankiran zamanin, kakan kakana, shi ya fasa shi, da wannan sanda da ke hannuna."

"Mun ji!" Amsar ta daki duwatsu ta dawo. Kailu ya fita ba tare da ya tsaya karɓar wata amsa ba. Ranar an ga maharbi ya rungume masunci, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Anaruwa ya waiga don ya ga ko Sarki ya ji daɗi, ya tarar yana kallonsa, kallo mai tsawo, ba murmushi.

Da aka yanke gero rundunar Dambarna ta iso gindin tsauni, dawaki da masu sulke sun cika kwari. A Gwaltsa kuwa ba a aika kiran kowa sau biyu ba. Maƙera suka yi ta ƙera kibau ba hutu, masunta suka zo da masunsu na kifi, yara a titi suna rera sunayen arba'in. Umarnin Sarki ɗaya ne: a tsare mashigin dutse, kada kowa ya sauka fili.

Kwana biyu aka bi umarnin, kuma kwana biyu Dambarna tana hauhawa tana komawa da gawawwaki. A rana ta uku da hantsi mahayansu suka juya da gudu kamar an karya su. Mayaƙan Gwaltsa suka fara ihu suna kiran sarkin da ya kashe zaki da wuƙa, suna cewa jikokin arba'in ba sa ɓuya a bayan dutse. Madawaki Barmo, wanda yana cikin ɗakin da aka ƙulla maganar, wanda ya san daga ƙauyen da tulunan suka fito, shi ma kansa ya ɗau zafi. Ya sa aka busa ƙaho, suka kwarara zuwa fili. Suna yin nisa da dutse dawakin suka juyo, wasu kuma suka ɓullo daga bayan kurmi ta hagu suka datse hanyar komawa. Maharbi a fili ba shi da lokacin ɗana kibiya ta biyu. Kafin rana ta take tsaka an gama, waɗanda suka tsira suka hauro a warwatse, Madawaki a cikinsu da sara a kafaɗa. Mutum ɗari shida suka rage a hannun abokan gaba, an ɗaure su da igiya ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar Kailu ya sake haurowa, wannan karon bai ko sauka daga doki ba. Ya ce Sarkin Dambarna ya ba da kwana uku. In Mayana ya sauko ya zuba ƙasa, mutum ɗari shida su koma gida da ƙafafunsu, hakimin Dambarna ya biyo baya ya zauna a fada. In bai sauko ba, za a yanka su a bakin mashigi, inda uwayensu za su iya hangowa daga kan ganuwa.

Kwana biyu aka yi ana majalisa ba a ƙulla komai ba. Madawaki yana ta ɗaga murya cewa a tsaya, don yana so a manta wanda ya busa ƙaho. Mata kuwa sun cika kan ganuwa, ba sa kuka, ba sa sauka, suna kallon kwari kawai. A rana ta uku da safe Anaruwa ya tarar da Sarki a gindin tsamiyar cikin gida yana ɗaura takalmi da kansa.

Ya zube a gabansa. "Ranka ya daɗe, kada ka sauka. Ka san abin da na kira, ka san sun amsa."

"Ina wurin, Anaruwa, na ji."

"To ka bari in fara fita in gaya musu gaskiya."

Sarki ya gama ɗaurin, ya ɗago. "Tashi, ɗan'uwa, ba kowa a nan. Mutanen nan ɗari shida kowannensu yana da uwa, ga su can a kan ganuwa. Bagure ba shi da uwa sai kai. Ba zan bari a yanka masu uwa don tsoron wanda ba a haifa ba." Ya dafa kafaɗarsa, ya wuce.

Daga kan ganuwa aka ga komai. Aka ga Sarki ya sauka a ƙasa da dogarai biyu kacal, ya cire rawani, ya durƙusa a gaban laimar Sarkin Dambarna, ya cika hannu biyu da ƙasa ya zuba a kansa sau uku. Aka ga ana kwance igiyoyi. Da azahar ya hauro, ƙasa a gashinsa da gemunsa bai kakkaɓe ba, mutum ɗari shida a bayansa. Mata suka ruga suna laluben nasu. An yi murna, amma ba ta daɗe ba, domin tun kafin a gama rungume-rungume wani ya ambaci sunan Bagure, sunan kuwa ya bi taro kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Ba wanda ya yi shela, ƙafafu ne kawai suka nufi dandalin tuluna.

Galadima Tunau ya tsaya kusa da tulu mai ruwa. Ban sani ba ko ya ji nauyin abin da zai faɗa, fuskarsa dai ba ta nuna ba. Ya ce, "Jama'ar Gwaltsa, Sarki ya dawo mana da 'ya'yanmu, Allah ya saka masa. Amma gobe hakimin Dambarna zai hauro ya zauna a fadar nan, saboda Sarkin Gwaltsa ya zuba ƙasa. Iyayenmu sun bar mana doka a kan wannan. An kira, mun amsa. Sankira ya matso da sandarsa."

Anaruwa ya fito. Ya tsaya a tsakiya, ya yar da sandar a ƙasa.

"Ku saurare ni. Babu Bagure. Ba a taɓa yin sa ba. Tulunan nan ashirin da tara a ƙauye aka gina su bana, cikin kwandunan dawa aka shigo da su. Wancan mai ɗauka ne ya zame da shi a bakin kogo, saura kwana biyu a yi kira. Sunayen duka ni na ƙera su ina kewaya ganuwa, dokar kuwa a nan inda nake tsaye ta zo bakina, don in kunyata baƙo. Gwaltsa ba ta taɓa fasa tulun sarki ba. Ni na yi ƙarya, ni za ku fitar ta ƙofar arewa."

Ya jira a taso masa. Ba wanda ya taso. Mutane suka yi ta kallonsa da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda zazzaɓi ya sa shi sambatu.

Wani tsohon maƙeri mai suna Nomau, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya dogara sanda ya matso. "Sankira, mun san nono ɗaya kuka sha, ba mu ga laifinka ba. Amma kada ka ce babu Bagure. Kakata ta ba ni labarinsa ina yaro, muna zaune bakin maƙera. Sunan ne na manta, ranar da ka kira shi ya dawo mini."

Wata mata daga cikin masunta ta ce, "Akwai gurbi a kogi inda ya tsallaka da aka kore shi. Har yau kifi ba ya zama a wurin."

"Ƙanena ya mutu a fili kwana uku da suka wuce yana kiran na tara," in ji wani maharbi, muryarsa a dushe. "Kana nufin iska ya kira?"

Anaruwa ya juya wajen Madawaki, Madawaki ya sunkuyar da kai yana gyara ɗaurin kafaɗarsa. Ya juya wajen Galadima, tsohon ya ce a hankali, "Ƙauna ce, jama'a, ku yi masa uzuri." A nan Anaruwa ya gane cewa 'ya'yan da ya haifa da bakinsa sun girma sun fi ƙarfinsa, kuma baƙin cikin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba.

Sarki ne ya sunkuya ya ɗauki sandar. Ya matso dab da shi, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji. "Dube su. Ka ga inda maharba suka ƙare, masunta suka fara? Ni ban gani ba, kuma shekara tara ina nema. In suka yarda da kai, gobe babu Gwaltsa, sai kashi uku da hakimi. In tulun nan ya kwana a tsaye, ƙasa ce ta durƙusa. In ya fashe, ni kaɗai ne. Da sanin haka na sauka." Ya danƙa masa sandar a hannu. "Kai ka ce Sankira ne ke fasawa. Da ka tsaya a kan dokar, da wani ne zai yi."

Anaruwa ya ɗaga sandar. Bugun farko ya goce, don hawaye sun rufe masa ido. A na biyu tulun ya dare, ruwan shekara tara ya malalo, ya jiƙa masa ƙafafu, ya bi ƙasa. Mayana ya ajiye rawaninsa a kan ɓaraguzan, ya bi ta tsakiyar jama'a, suna darewa suna ba shi hanya, har ya fita ta ƙofar arewa da rigar jikinsa. Tun bai ɓace wa ido ba Galadima ya tashi manzo zuwa kwari, a gaya wa Sarkin Dambarna cewa mutumin da ya durƙusa masa ba sarkin kowa ba ne, hakiminsa ya zauna inda yake. Tambarin yaƙi ya fara tashi, maza suka fara neman bakunansu.

Kafin a watse zuwa mashigi, jama'a suka nemi a kira musu tuluna daga farko, don su sauka da sunayen a bakinsu. Anaruwa ya bi jerin. Ba ya ko buƙatar tunawa, kafin ya taɓa tulu sun riga shi faɗar sunan, kuma kowace amsa ta fi ta baya ƙarfi. Da ya wuce na arba'in ya tsaya a kan laka, gaban ɓaraguzan da rawani ke kai. Ya taɓa su da sanda, ya tattaro abin da ya rage na muryarsa.

"Mayana ɗan Arzika, na arba'in da ɗaya, wanda ya dawo da mutum ɗari shida gida."

Ya jira. Mutum ɗari shidan suna tsaye a wurin, sawun igiya a wuyan hannuwansu, ya san fuskokin da yawa daga cikinsu. Ba wanda ya ce, "Mun ji."